Bayanin Yadda Sayyidina Umaru Ya Riƙe Ƙasashen da Aka Ci Bayan Yarmuku da Ƙadisiyya



Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai neman sani, Allah ya datar da mu da kai, almajirai da yawa sun riƙe labarin yaƙin Yarmuku da na Ƙadisiyya, suna ba da shi a zaure har da giwayen Rustumu da yadda aka kashe shi. Amma kadan ka tambaye su abin da aka yi da ƙasa da mutanenta bayan da ƙura ta lafa, sai su sunkuyar da kai. Ga shi kuwa a nan fiƙihu yake. Wanda ya kai babin jihadi cikin Muhtasar na Shaihu Halilu ya ga hukuncin ƙasar Masar da Sham da Iraƙi, cewa waƙafi ne, ba a raba su ga mayaƙa. Malami ya fassara, almajiri ya ce na'am, a wuce. Hukuncin nan kuwa sai da aka yi kwanaki ana ja-in-ja a kansa tsakanin manyan sahabbai har zukata suka ɓaci. Shi muke nufin bayyanawa cikin takardun nan, da abin da ya biyo bayansa na zaman runduna da naɗin hakimai da yankan haraji.

Fasali. Abin da ya faɗo hannun Musulmi.

Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya hau halifanci shekara ta 13 ta hijira, ita ce 634 ta miladiyya. Shekara ta 15 (636) aka karya Rumawa a Yarmuku, Hiraƙla ya bar Sham. Kusa da wannan aka karya Farisawa a Ƙadisiyya, shekara ta 16 (637) Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya shiga Mada'inu, birnin Kisra, sarkinsu Yazdajirdu ya gudu gabas. Masar kuwa Amru ɗan Asi ya shige ta ƙarshen shekara ta 18 (639), Rumawa suka fice daga Iskandariyya shekara ta 21 (642). Ba a cika shekara 10 ba sai ga rumbunan duniya na zamanin nan, ƙasar Dijla da Furatu da ƙasar Nilu, sun koma hannun mutanen Madina.

Mayaƙan da suka ci ƙasashen nan 'yan kaɗan ne bisa ga talakawan da suka iske a ciki, kamar gishiri cikin miya. Talakawan kuwa Nasara ne da Yahudawa da Majusawa, harshensu ba Larabci ba ne, kuma gonakinsu na ban ruwa ne, masu magudanai da madatsai waɗanda ake gyara kowace shekara, in an bar su damina ɗaya ƙasa ta koma fadama ko ta yi gishiri. Balarabe ya san raƙumi da dabino da fatauci, bai san wannan aiki ba.

Fasali. Gardamar rabon ƙasa.

Dukiya wadda ake ɗauka, wato dawaki da makamai da zinariya da tufafi, babu gardama a kanta. An fitar da humusi, an raba saura ga waɗanda suka halarci yaƙi, kamar yadda ayar Suratul Anfali ta hukunta. Gardama a kan ƙasa take, da manoman da ke bisanta. Wannan ƙasa ta Iraƙi ana ce da ita Sawadu, domin mai fitowa daga rairayi yana hango duhun dabino da shuka kamar baƙi.

Bilalu ɗan Rabahu da Zubairu ɗan Awwamu da Abdurrahmani ɗan Aufu suka ce a raba. Hujjarsu ita ce ganima ganima ce, ayar ba ta ware ƙasa daga sauran dukiya ba, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba Haibara. Kada almajiri ya zaci kwaɗayi ne ya sa su, Allah ya tsare mu da munana zato ga sahabbai. Zahirin nassi yana hannunsu, kuma mutanen da suke yi wa magana sun bar 'yan'uwansu kwance a fagen fama. Bilalu shi ya fi kowa tsanantawa, har aka ruwaito Umaru ya roƙi Allah ya isar masa daga Bilalu da mutanensa.

Umaru ya ƙi. Ya tambaye su, kadan aka raba ƙasa ga waɗanda ke nan yau, aka gada daga uba zuwa ɗa, me Musulmin da za su zo baya za su iske, da me za a tsare iyakoki, da me za a ciyar da marayu da gwauraye na ƙasashen nan da wasunsu. Mu'azu ɗan Jabalu ya ba shi shawara irin wannan a Jabiya ta Sham, ya faɗakar da shi cewa rabon zai tara dukiya mai yawa hannun mutane kaɗan, su mutu, ta koma hannun namiji guda ko mace guda. Usmanu da Aliyu da Ɗalha da Abdullahi ɗan Umaru suka goyi bayan halifa. Alƙali Abu Yusufu, cikin littafin haraji wanda ya rubuta wa Haruna Rashidu, ya ce Umaru ya kira mutum 10 daga dattawan Ansaru, 5 na Ausu 5 na Hazraju, ya shimfiɗa musu magana, suka yarda da ra'ayinsa. Sa'an nan ya kafa hujja da ayoyin fai'u na Suratul Hashri, inda aka ambaci Muhajirai, aka ambaci Ansaru, kana aka ambaci waɗanda za su zo bayansu. Ya ce ashe na baya suna da haƙƙi cikin ƙasar nan, ba ya halatta a raba ta a bar su.

Haka aka yi a Masar. Zubairu ya nemi Amru ya raba, Amru ya ce sai ya rubuta zuwa Madina, amsa ta zo a bar ta yadda take. Akwai kuma ƙabilar Bajila, mutanen Jariru ɗan Abdullahi, waɗanda aka yi wa alkawarin rubu'in Sawadu kafin Ƙadisiyya domin su fito yaƙi. Sun ci shi shekara 2 ko 3, sa'an nan Umaru ya nemi su mayar, ya ba su diyya har suka yarda.

Daga nan malamai suka rabu. Imamu Maliku ya ce ƙasar da aka ci da ƙarfi tana zama waƙafi da zarar an ci ta. Imamu Shafi'i ya ce ganima ce, ana raba ta sai fa in mayaƙa sun yafe, ya kafa hujja da diyyar Bajila, gama da ba haƙƙinsu ba ne da ba a biya su ba. Imamu Abu Hanifa ya ce zaɓi yana ga shugaba, in ya so ya raba, in ya so ya bar ta hannun masu ita da haraji. Ni dai abin da nake gani, hujjar Shafi'i daga labarin Bajila tana da ƙarfi ƙwarai, ba ta kamata ɗan mazhabarmu ya wuce ta da murmushi ba.

Fasali. Awon ƙasa da yankan haraji.

Da aka bar ƙasa hannun manoma, sai aka bukaci sanin yawanta. Umaru ya aiki Usmanu ɗan Hunaifu wajen Furatu, da Huzaifa ɗan Yamani wajen Dijla. Ma'auninsu shi ne jaribi, fili mai kamu 60 tsawo 60 faɗi. Abu Yusufu ya ce awon ya kai jaribi 36,000,000. Aka ɗora wa kowane jaribi kuɗi bisa ga abin da ake nomawa a ciki. Cikin wata ruwaya inabi dirhami 10, dabino 8, rake 6, alkama 4, sha'ir 2. Cikin wata kuwa dirhami ɗaya da mudu ɗaya na hatsi wanda ake ce wa ƙafizu, bisa kowane jaribi da ruwa ke kaiwa. Wannan shi ne haraji, daga gare shi kalmarmu ta Hausa ta fito, ko da yake mu mun faɗaɗa ta ga kowane kuɗin da hukuma ke karɓa.

Bisa kawuna kuma aka sa jizya, mawadaci dirhami 48 a shekara, matsakaici 24, mai aikin hannu 12. Ba a ɗora wa mata da yara ba. An ruwaito lokacin ƙidaya ana rataya wa maza hatimin dalma a wuya, domin a san wanda aka rubuta. A Masar dinari 2 aka sa ga kowane namiji baligi. Nasaran Banu Taglibu, da yake Larabawa ne masu jin kai, suka ƙi sunan jizya, aka ji tsoron su koma wa Rumawa, sai aka sulhunta a kan su biya ninkin zakka.

Faɗakarwa. Kada ka zaci Umaru ne ya ƙago awon nan daga babu. Ɗabari ya bayyana cewa Kisra Anushirwanu ya riga ya auna Sawadu ya yanka mata kuɗi, Umaru ya bi sawun yankan nasa. Masu karɓa ma ba a sake su ba. Dihiƙanai, wato masu gari na Farisawa, kamar dagatai a wurinmu, su ne suka ci gaba da tara kuɗin ƙauyukansu suna kaiwa. Saboda haka manomin Sawadu, a shekarun farko, sarki kawai aka sake masa, mai buga masa ƙofa shi ne na jiya. Abin da ya ƙaru shi ne akwai mai tambaya daga sama. Kwanaki kaɗan kafin a soke shi, Umaru ya tsayar da Huzaifa da ɗan Hunaifu a Madina yana tambayarsu ko sun ɗora wa ƙasa abin da ba ta iya ɗauka, suka ce a'a, ya sake tambaya. Buhari ya kawo wannan. An ce harajin Sawadu ya kai dirhami 100,000,000 kafin rasuwarsa.

Gonakin Kisra da na gidansa, da na waɗanda aka kashe ko suka gudu, da na gidajen wuta, waɗannan ba su da mai su. Aka ware su suka zama gandun baitulmali, ana ce da su sawafi. Ka riƙe sunan nan, zai dawo.

Fasali. Inda aka zaunar da runduna.

Mayaƙa suka zauna Mada'inu, iskar wurin ba ta karɓe su ba, ga sauro ga zazzaɓi, jikinsu ya rame. Umaru ya ga manzanninsu sun sake kama, ya tambaya, aka gaya masa. Ya rubuta wa Sa'adu cewa Balarabe ba ya lafiya sai inda raƙuminsa ke lafiya, a nema musu wuri a gefen daji, kuma kada kogi ko gada ya shiga tsakaninsa da su. Salmanu da Huzaifa suka zaɓi wurin Kufa, yamma da Furatu, aka kafa ta shekara ta 17 (638). Basra kuwa Utba ɗan Gazwanu ya riga ya kafa sansani a wurinta. Da Amru ya so zama Iskandariyya, da gidajenta na dutse waɗanda Rumawa suka bari, amsa ɗaya ya samu, ruwan Nilu zai raba shi da Madina. Ya komo ya kafa Fusɗaɗu gabas da kogi, kusa da ganuwar Babiluna.

Ga yadda aka shata Kufa. Aka fara da masallaci. Wani maharbi mai ƙarfi ya tsaya tsakiya ya harba kibiya gabas da yamma da kudu da arewa, inda ta faɗi nan ne iyakar fili, ba a gini a cikinsa. Bayan wannan aka ba kowace ƙabila unguwarta. Manyan hanyoyi kamu 40, na biye 30 da 20, lunguna kamu 7. Da farko bukkokin kara suka yi, gobara ta cinye, suka nemi izinin ginin ƙasa, aka ba su da sharaɗin kada mutum ya wuce ɗaki 3, kada kuma a tsawaita gini.

In ka ce, don me aka tsare su wuri ɗaya, ga ƙasa faɗi? Sai mu ce, kadan suka watsu cikin ƙauyuka kowa ya kama gona, ranar da aka buga tambarin yaƙi ba mai fita, kuma mutum kaɗan cikin taro mai yawa ba ya daɗewa sai ya narke, harshensa da addininsa su bi na maƙwabta. Har wa yau kuma, mai takobi kadan ya zauna ƙauye ɗaya da manomi, akuyar manomi ba ta kwana lafiya. Sham ce kaɗai aka saɓa, gama a can runduna ta zauna cikin tsofaffin birane, aka raba ƙasar jundi 4, Dimashƙa da Himsa da Urdun da Falasɗinu.

Tun da an hana su ƙasa, wajibi ne a ciyar da su. Wannan ne asalin diwani, littafin da aka rubuta sunayen masu rabo, mafi yawan masu tarihi sun ce shekara ta 20 (641). Abubakar yana daidaita mutane cikin rabo, Umaru ya fifita bisa ga rigaye cikin Musulunci. Mutanen Badar dirhami 5,000 a shekara, waɗanda suka biyo su har Hudaibiyya 4,000, mutanen Ƙadisiyya da Yarmuku 2,000, waɗanda suka zo bayansu 1,000, haka yana raguwa har zuwa 'yan ɗaruruwa. Ban da wannan akwai alkama kowane wata. Waɗansu manyan Farisawa da suka musulunta, kamar Hurmuzanu, an rubuta musu 2,000, barade na Kisra waɗanda ake kira Asawira suka shiga rundunar Basra da rabonsu.

Fasali. Hakimai.

Umaru ba ya tara iko duka hannun mutum ɗaya in ya sami yadda zai raba. A Kufa ya sa Ammaru ɗan Yasiru bisa salla da yaƙi, Abdullahi ɗan Mas'udu bisa baitulmali da karantarwa, ɗan Hunaifu bisa awon ƙasa. Ya yanka musu tunkiya ɗaya kowace rana su uku, rabi na Ammaru, rubu'i rubu'i na sauran, duk da haka yana faɗin tsoronsa kada ƙasar da ake cire wa tunkiya kullum ta lalace. Ya naɗa alƙalai dabam, Shuraihu a Kufa, Ka'abu ɗan Suru a Basra. Yana ɗaukar alkawari ga hakimi kada ya hau dokin alfarma, kada ya ci gari mai laushi, kada ya sa tufa mai santsi, kada ya rufe ƙofa ga masu bukata. Yana rubuta dukiyar mutum ranar naɗi, kadan ta yi yawa daga baya ya raba ta biyu ya kai rabi baitulmali. Ya yi wa Abu Huraira haka, ya yi wa Amru.

Da ya ji Sa'adu ya sa ƙyaure a gidan sarauta na Kufa domin hayaniyar kasuwa, ya aiki Muhammadu ɗan Maslama ya ƙone ƙyauren. Halidu ɗan Walidu kuwa, wanda ba a taɓa karya tutarsa ba, an tuɓe shi shekara ta 17 bayan ya ba Ash'asu ɗan Ƙaisu kyautar 10,000, Umaru ya sanar da garuruwa cewa ba don ha'inci ba ne, tsoro ya ji kada mutane su dogara ga Halidu. Sa'adu ma mutanen Kufa suka kai ƙararsa, har suka ce bai iya salla ba, shi da yake cikin goma waɗanda aka yi wa bushara. Bincike ya wanke shi, duk da haka aka tuɓe shi domin a kwantar da gari. A nan ina da magana. Mutanen Kufa sun koyi darasi daga wannan, cewa ƙara tana tuɓe hakimi ko da ƙarya ce, ba su kuwa manta da shi ba.

Fasali. Abin da tsarin ya haifa.

Aka soke Umaru shekara ta 23 (644). Bayansa mutane suka yi ta kwarara Kufa da Basra da Fusɗaɗu, na baya suna yaƙi kamar na farko amma rabonsu ƙarami, na farko kuwa suna ganin Sawadu tasu ce, ajiya ce kawai aka yi musu. Zamanin Sayyidina Usmanu aka ba waɗansu manya yanki daga sawafi. Hakimin Kufa Sa'idu ɗan Asi ya faɗi a majalisa magana mai nuna Sawadu lambun Ƙuraishu ce, Ashtaru da mutanensa suka tashi masa, shekara ta 34 suka hana shi shiga gari. Shekara ta 35 (656) waɗanda suka kewaye gidan Usmanu daga garuruwan nan 3 suka fito. Gardamar da aka rufe a Madina ita ce ta komo da takobi. Littafin sawafi kansa an ƙone shi lokacin fitinar Dairul Jamajimi, shekara ta 82 (701), kowa ya haɗiye abin da ke kusa da gonarsa.

Matsala ta biyu, tsarin ya ginu bisa cewa mai karɓa Musulmi ne, mai biya ba Musulmi ba. Da manoma suka fara musulunta suna barin gona suna shiga birni, kuɗi ya ragu. Hajjaju ɗan Yusufu ya kore su zuwa ƙauyukansu, ya bar musu jizya a kai, abin da shari'a ba ta yarda da shi ba. Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya yi mulki daga 99 zuwa 101 (717 zuwa 720), ya sauke jizya daga wanda ya musulunta, ya bar haraji bisa ƙasa tun da haƙƙin jama'a ce, ya hana sayar da ita. Diwanin rabo ya daɗe bayan wannan, har Mu'utasimu ya umarta a cire Larabawan Masar daga cikinsa shekara ta 218 (833).

Fa'ida. Magatakardan haraji ba a sake su ba, haka harshensu. Diwanin Iraƙi da Farisanci ake rubuta shi, na Sham da na Masar da harshen Rumawa, har zamanin Abdulmaliku ɗan Marwanu aka fara juya su Larabci, Iraƙi shekara ta 78, Sham 81, Masar kuwa sai 87, zamanin ɗansa Walidu. Dirhamin da sahabbai suka karɓa rabo da shi yana ɗauke da kan Kisra a fuska ɗaya da murhun wutar Majusawa a ɗayar, dinari mai rubutu zalla bai fito ba sai shekara ta 77.

Rairayin Masar kuma ya tsare mana wata takarda ta zamanin Umaru kansa, tana ajiye a ɗakin littattafai na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya. An rubuta ta a Ahnasu, watan Jimada Ula shekara ta 22 (643), da Larabci da harshen Rumawa bisa falle ɗaya, tana cikin mafi tsufan rubutun Larabci mai kwanan wata na hijira, waɗansu haruffanta ma da ɗigo. Shaidar karɓa ce. Amiru Abdullahi ɗan Jabiru ya karɓi tumaki 65 daga hakiman garin su 2, Nasara ne, 'ya'yan mutum ɗaya, domin abincin mutanensa na jirage da barade da dakaru. Magatakarda 2 suka sa sunansu, Balarabe ɗaya, ɗaya kuwa ma'aikacin coci ne mai suna Yohana. A bayan takardar an rubuta da harshen Rumawa cewa tumakin nan za a lissafa su cikin harajin shekarar.